Sifirit da Garwashi Ba Su Zama Ɗaki Guda

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Mai girma shugaban taro, Allah ya ƙara girma; iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku; malamanmu, Allah ya gafarta muku; ma'aikatan lafiya na Shagari da Boɗinga; 'yan'uwana unguwarzomai, da duk wanda ya baro aikinsa ya zo, ina gaishe ku da girmamawa.

Sunana Mairo, daga Kajiji. Shekara talatin da ɗaya ina yankan cibiya, kuma ni anka zaɓa in yi godiya a madadin mu ashirin da huɗu da munka karɓi takardar horo yau. Mun gode wa masu koya muna, musamman Malama Sa'adatu, wadda ta yi haƙuri da tsofaffi masu taurin kai, ni ce kuwa shugabarsu.

Magana ta farko, abin da ya kawo ni aji da furfura. Bara waccan Bahijja, matar Naziru manomin albasa, ta haifi 'ya mace. Na yanke cibiya, na jiƙa auduga sharkaf da sifirit, ruwan nan mai sanyi da ake goge fata da shi kafin allura, don a ganina yawan magani shi ne yawan lafiya. Sannan na jawo kaskon garwashi in yi gashin cibiya, yadda na gada wurin uwata. Wuta ta kama audugar. Wutar sifirit kuwa ba ta cika ganuwa da rana ba, kukan jaririya ne ya gaya mini.

Jaririyar, Nusaiba, ta rayu, alhamdu lillahi, amma da tabo a cikinta. Naziru bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Cewa ya yi, "Inna Mairo, ke kinka yanke mini cibiya, amma hannunki ba shi ƙara taɓa ɗiyana." Wata bakwai babu gidan da anka kira ni. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Da kukan ya ishe ni, na ɗauki mayafi na tafi neman sani, domin matambayi ba ya ɓata.

Magana ta biyu, abin da munka koyo, kuma ina so maza su saurara, don ku ke sayo kwalbar. Sifirit na lafiyayyar fata ne, ɗan kaɗan a auduga, a bari ya bushe. Ba a tsiyaya shi cikin buɗaɗɗen rauni, ba a kai shi ido, ba a kai shi baki, domin da gangan anka haɗa shi da guba don kada a sha. Ba a shafe jikin jariri da shi wai a sauke zazzaɓi. Cibiya tana da maganinta da asibiti ke bayarwa, kuma ba ta bukatar gashi. Inda duk akwai garwashi ko fitila, kwalbar ta tsaya waje.

Magana ta uku ta alfahari ce, kuma zan yi shi da babbar murya. Mu ashirin da huɗun nan mun bi Kajiji gida-gida, mun bi Mandera, muna gargaɗi kan sifirit da garwashi, kuma tun daga sannan ba mu ji jaririn da ya ƙone a hannun ɗayarmu ba.

Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, babur ya tsaya ƙofar gidana. Naziru ne. Ya durƙusa, ya kasa kallona, ya ce, "Inna, Bahijja na naƙuda. Ki taho." Ni na raka ta asibiti, ta haifi namiji, ni anka miƙa wa yaron, kuma Naziru da bakinsa ya ce kada kowa ya taɓa cibiyar in ba ni ba.

Allah ya raya muna Nusaiba da ƙanenta, ya sauki masu ciki lafiya, ya tsare hannuwanmu daga cutar da abin da anka ba mu amana, ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.