Saƙon da Baba Jibrin Bai Kai Yelwa Ba

Assalamu alaikum. Malam liman, dattawan Hausawan Alƙahira, shugabannin ɗalibai, mahaifiyarmu Hajja Awadiyya matar marigayi, 'yar'uwarmu Mahasin, ina gaishe ku da haƙurin rashi. Akwai waɗanda suka fi ni sanin Baba Jibrin, amma tunda ni aka sa, zan faɗi iya abin da na tabbatar.

Ya kasance mai wankan gawarmu. Ya kasance wanda in baƙo ya mutu a unguwar Arba wa Nus ba dangi, ba ya zama sai ya sama masa kabari, ko da zai yini a ofisoshin Wustul Balad, can tsakiyar gari, da sandarsa. Ya kasance ba ya cin kifi, alhali ɗan masunta ne daga Yelwan Yawuri. Mukan tsokane shi: "Baba, ɗanɗana mana, na Iskandariya ne, tamam!" Sai ya ce, "Ku ci abinku, 'yan nema. Ni ban san wa kifin nan ya ci ba."

Dariya muke yi. Sai a jinyarsa ta ƙarshe ya gaya mana dalili.

Su biyu suka tafi yaƙin Bama, shi da ƙaninsa Ma'azu, kuma su biyu suka hau jirgin ruwan da zai mai da sojoji gida. Ana ta waƙa, ana gwada tsaraba. A Bahar Maliya zazzaɓi ya kashe Ma'azu. Baba ya roƙi hafsa a jira a kai gaɓa, aka ce zafi ya yi yawa. Aka ɗinke shi a tamfol da ƙarfe a ƙafa, aka yi masa salla, aka sake shi a ruwa. Jirgin ko tsayawa bai yi ba.

Ya ce mana, "Inna za ta tambaye ni ina na binne shi. In nuna mata ina?" Da jirgi ya tsaya a tashar Suwais, nan Masar, ya sulale ya sauka. Bai koma ba, bai aika ba. Har yau gidansu ba su san makomar ko ɗayansu ba.

Mahasin, kin ce kina tsoron a kira mahaifinki gudajje. Ba zan ce ba za a kira shi ba. Ban sani ba. Amma can akwai gidan da bai taɓa zaman makokin 'ya'yansa biyu ba, kuma dattawan da za su gane sunayen suna ƙarewa. Ɗalibinmu Ukasha zai tafi hutu wata mai zuwa, Yawuri kan hanyarsa take. Izininki kaɗai muke jira. In kin yarda, zai nemi gidan masuntan ya ce: Jibrin ya rasu a Masar da tsufa, Ma'azu ya rasu a teku yana saurayi, an sallaci kowannensu.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙan Baba, ya jiƙan Ma'azu a inda yake kwance, ya sa a tarar da mai karɓar gaisuwar. Amin.