Ni da Kukun Bataliyarmu

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Ku yi haƙuri zan yi magana a zaune, ƙafafun ba sa son doguwar tsayuwa.

Sunana Bitrus, mutumin ƙasar Zuru ne ni, tsohon soja. Na dawo daga aikin Laberiya ba a daɗe da yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato ba, aka sallame ni, na sami gadi a nan Jega. Ban dawo da rauni ko ɗaya ba. Ciwo ne ya biyo ni a hankali: gajiya tun da safe, gaɓoɓi suna sara, hannu yana rawa, ga mantuwa. Sai in fito sayen gishiri in tsaya a bakin titi ina tunanin abin da ya fito da ni.

An auna jini a asibiti, aka ce ba a ga komai ba. Matata Saratu ta kai ni wurin masu ɗori a Aliero, mai ɗorin ya lalube ni sama da ƙasa, ya ce shi ƙashi yake gyarawa, nawa kuwa lafiya lau. Maƙwabta suka ce sammu ne, wasu suka ce iskokin gandun dajin can ne. Kowa ya zama likita a kaina.

Wadda ta zauna mini a rai ita ce maganar wani dattijon ikilisiya. Ya ce, "Kofur, jinin mutane ba ya kwana. Ka bincika hannunka." Na yarda da shi, domin an tura mu yaƙi kuma mun yi. Daga ranar na daina cin jibin Ubangiji. In an fara zagawa da ƙoƙo, sai in fita waje kamar mai tari. Shekaru na yi a haka, kuma ya fi ciwon jikin yi mini zafi.

Wata rana na ce a cikin addu'a, "Ubangiji, in hukunci ne, faɗa mini a fili. In ba shi ba ne, nuna mini." Iyakar abin da na ce ke nan.

Cikin makon Saratu ta aike ni Maiyama sayen gero. A gindin wata rumfa na ga mutum yana ƙoƙarin ɗaure bakin buhu, igiya tana kuɓuce masa. Na gane rawar hannun kafin in gane fuskar. Ummaru ne, kukun bataliyarmu, Musulmi mutumin Karaye ta nan ƙasar Maiyama.

"Kofur Bitrus! Kai ma ya kama ka?"

Muka zauna. Duk abin da na lissafa, yana da shi, har mantuwar. Na gaya masa abin da dattijo ya ce. Ya yi dariya har da tari.

"Jini? Ni da ban taɓa halbin kowa ba? In ko alhakin kaji na, to sun kai ƙara wurin da ya dace. Kofur, tuna abin da munka sha tare."

Muka shiga tunawa. Ƙwayoyin da ake ba mu a fareti ba a faɗa mana sunansu ba. Maganin sauro da ake fesa wa tanti da kakinmu har su jiƙe. Ruwan rafin da muke sha daga durom ɗin mai. Hayaƙin taya da shara da ake ƙonawa dab da wurin kwananmu. Ga rashin barci da fargaba wata da watanni. Wanne ne a ciki? Ummaru bai sani ba, ni ma haka. Likitan da na koma na gaya wa ya ce kowanne yana yiwuwa, amma ba shi da na'urar da za ta tabbatar.

Ba zan yi muku ƙarya ba, jikin bai warke duka ba. Wata rana da sauƙi, wata rana babu. Ku ci gaba da sa ni a addu'a, ku sa Ummaru ma.

Amma Lahadin da ta wuce, da aka zo da ƙoƙo, ban tashi ba. Hannu ya yi rawarsa, kaɗan ya zube a rigata. Saratu ta tallafi gwiwar hannuna, na sha.

Na gode wa Ubangiji! Wanda yake zaune a nan da ciwon da ba a san sunansa ba, ka dogara gare shi, kuma in an miƙo maka ƙoƙon, ka karɓa. Amin.