Garin Kwalba a Turmin Fura

Habu, in kana jin rediyon nan, don Allah ka kunna wayarka, uwarka ce!

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga Kiyako nake. Ɗana Habu ya koyo wata sana'a a Kano. Fasassun kwalaben da wani kamfani ya zubar yake dakawa, ya manna garin a tsumma, a dinga goge wandon jins da shi har ya koɗe, wai haka samari ke so.

Jiya ina gona, ashe a turmina ya daka, ya kama hanyar Kano bai gaya min ba. Yau na kirɓa fura a ciki, na dama wa autata Ladidi ta shanye. Ina ɗauraye ƙwaryar sai na ga abu yana ƙyalli a ƙasanta. Na shafa, wallahi ya karce min yatsa.

Yanzu ga ta kwance ta riƙe ciki. Maƙwabciyata ta ce in ɗura mata manja. Jama'a, in ba ta ko kar in ba ta?

Ana buga ƙofa. Allah Ya sa mai babur ɗin da na aika a kira ne, asibitin Birnin Kudu za mu...