Waƙar Ninja da Fuskata

Gatanan gatananku.

Ta zo mu ji ta.

Wannan ba ta gizo ba ce, tawa ce. Kun sha tambayata me ya sa ko sanyi ya kai sanyi ba na naɗe fuska da rawani. To ku matso.

Shekarar da soja suka karɓi mulki, damina ta yi mana gardama a nan Kurfai. Baba ya kai ragonsa kasuwar Baleyara, ya dawo ya danƙa mini kuɗin mota. Gadar kan iyaka a rufe take, da kwalekwale muka haye kogi. Haka na isa Kwatano ina ɗingishin nan nawa da jaki ya bar mini tun ina ƙarami.

Na samu aiki a shagon wasan bidiyo. Saldije suke ce masa, ni kuwa na daɗe ina zaton sunan matar mai shagon ne. Ina shara, ina goge talabijin, kuma ni ke saka waƙa a lasifika. Mai shagon, wanda muke kira patoro, ya ce waƙoƙin ninja kaɗai yake so. Kun fi ni sanin ninja: mutanen nan na cikin wasa masu baƙaƙen kaya, ido kawai a waje, suna tsallake katanga da takobi.

Ko kalma ɗaya ba na ji a waƙoƙin, da kiɗa nake zaɓe. Wadda gangarta ke gudu, ga ƙarar takubba, ga ihu a tsakiya, ita ke zaunar da samari. In na saka mai sarewa a hankali sai su fara hamma, patoro ya leƙo ya ce, "Ɗan Nijar, zaman makoki muke?" Akwai wata da na fi so, don kiɗanta kamar na filin kokawa.

Wata rana patoro ya zo da baƙaƙen kaya da takobin roba. Ya ce in saka in yi tsalle-tsalle a ƙofar shago, a ɗauka a waya a ɗora waƙar nan, talla ce. Na gaya masa a ƙasarmu masu rufe fuska bisa babura suke zuwa, kuma ba wasa suke kawowa ba. Ya ce nan ba ƙasarku ba ce, in ba na so ga hanya. Na saka.

Ba a jima ba ƙanwata Rabi ta kira ni. Bidiyon ya bi waya zuwa waya har nan Filinge, wani ya gane ɗingishina, aka ce na shiga cikin masu baburan nan. An daina zama kusa da Baba a masallaci. Mai gari ya aika a kira shi, har wasu na cewa a kai maganar gaban soja.

Daga ranar abinci ya daina shiga mini. Waƙar nan tana tashi a lasifika, sai in fice waje. Na roƙi patoro izinin zuwa gida. Ya yi dariya, ya jefo mini takobin, ya ce in na tafi kada in dawo. Na naɗe takobin cikin dardumar salla. Duk shingen da mota ta tsaya sai in yi ta addu'a kada a ce in kwance darduma.

A ƙofar mai gari aka taru. Na miƙa takobin, wani dattijo ya lanƙwasa shi har baki ya taɓa ƙota. Wasu suka yi dariya. Mai gari bai yi ba. Ya sa aka kunna waƙar, ya saurara har ƙarshe.

"Mi take cewa?"

"Ranka shi daɗe, ban sani ba."

"Ka ruhe huska dominta, ka yi rawa da ita, ba ka san wa take yabo ba?"

Sai Baba ya miƙe, ya roƙi a ba shi zuwa ranar kasuwa.

Ranar ya cire mini hula da hannunsa, ya riƙe ni kamar ƙaramin yaro. Rumfa rumfa muka bi, daga masu hatsi har mahauta, ko'ina ya tsaya ya gaisa ya ce, "Ga shi nan, ku dube shi da kyau." Wasu suka kau da kai. Wasu suka dube ni har na ji kunya. Sai wajen la'asar wani mai goro ya miƙo mini hannu, ya ce ina gajiyar hanya. Da magariba aka matsa wa Baba wuri a sahu.

A hanyar gida, da muka kai bakin danga, Baba ya tsaya.

"Ko mura kake," in ji shi, "kada in sake ganin ƙyalle bisa huskarka."

Takobin yana nan, Rabi na korar kaji da shi.

Ƙurunƙus kan kusu. Da ƙarya na yi muku, da yanzu kun gan ni da rawani.