Rabin Filin da Ya Rage Mana

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Shugaban wannan taro, Alhaji Mika'ilu. Mai girma Dagacin Tudun Kanya. Liman da sauran malamanmu. Shugaban makaranta, Malam Hadi. Iyaye maza, da iyaye mata da ke can gindin darbejiya. Da ku yara masu leƙe ta taga kuna zaton ban gan ku ba, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya da aka ba tsoho dama ya yi magana. Ga wanda bai san ni ba, ni ne Iliyasu, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana busa usur a filin makarantar nan. An tara mu yau a kan shawara guda: a nome filin wasa bana don a ciyar da ɗalibai, ko a bar shi. Ban zo in raina wannan tunani ba. Ni ma kasuwar Tsanyawa nake ci, na ga yadda magidanci ke tsayawa gaban mai awo ya ƙirga kuɗinsa ya juya, na kuma ga yaron da yunwa ta kwantar a kan benci.

Maganata ta farko ta yara ce, don sun fi ku haƙuri da ni. Kun san lambar zinaren da ake rataya wa zakaran wasannin duniya yawancinta azurfa ce, ruwan zinare kawai aka shafa mata? Kun san jan igiyar nan da kuke yi da igiyar guga, shekaru ɗari da suka wuce ƙasashe sun yi gasarsa a wasannin duniya na Olamfik? Amma duk abin da na karanta, ban ga wasan da ya kai langa ba. Ba ƙwallo, ba takalmi, ba riga. Ka kama ƙafa ɗaya ta baya, ka yi tsalle da ɗaya, abokanka su kewaye wanda ake kira ruwa suna tare masa hanya har ya kai. Abu biyu kawai langa ke nema, fili da abokai.

Ta biyu ta iyaye ce. Wasa yana buɗe ƙirji, yana ƙarfafa ƙashi, yana kawo barci mai daɗi. Wannan ko malamin asibiti zai faɗa muku. Abin da ni na gani da idona shi ne, a fili yaro ke koyon a kayar da shi ya tashi ya kakkaɓe riga bai ɗauki dutse ba. A fili ɗan mai shanu da ɗan mai jaki ɗaya suke zama daidai. A fili yarinyar da ba ta iya ɗaga ido a aji take tsere wa kowa, washegari ta ɗaga hannu.

Ta uku ita ce mai nauyi, domin laifina ce. Dattawa sun san a da filin nan ya ninka haka, har gindin kukar can yake kaiwa. Shekarar da fari ya ci mu, ni ne na sa baki aka ba abokina Muntaka rabinsa ya noma, Allah Ya ji ƙansa, a kan damina ɗaya tak. Tare muka yi langa da shi tun muna tsirara, ban ga abin tsoro ba. Sai ya kai taki, sai ya dasa gamba a kan iyaka kamar yadda kowa ke yi. Da shekara ta zagayo na je masa, ya dube ni ya ce, "Haba Iliyasu, duk takin da jakina ya yi rani yana ja, yanzu da ƙasa ta fara ji za ka ce in tashi?" Haka na juyo gida. Jama'a, mu manoma ne, mun san halinmu: inda taki ya sauka kuma gamba ta kama, sunan wurin gona. Yau jikokinsa ke nomawa, kuma ba wanda zai ce sun ci haram. Damina ɗayar ce ba ta ƙare ba har yanzu.

Kun sha ganina ranar Laraba ina zagaya fili da tsohon kwano, wasunku ma sun ce tsufa ya fara taɓa Malam. Layi nake ja da toka. Matata Hure ce ke tara mini tokar murhunta, ta tankaɗe ta kamar gari, tana cewa, "Malam, kai ne kaɗai mijin da ke murna da toka fiye da tuwo." Bara waccan ta rasu. 'Ya'yanmu biyu suna birni, kowa na fama da kansa. Yanzu ni ke hura wutar, ni ke kwashe tokar, kuma girkin mutum ɗaya ba ya tara tokar da za ta zagaye fili, sai na haɗa ta sati biyu. Ba zan ɓoye muku ba, kaɗaici yana damuna. Gidana yana jikin filin nan, kuma a yini guda ba abin da ke shigo mini in ban da ihun yaranku bayan La'asar. Ran da suka ƙi fitowa, har Magariba ba na jin muryar mutum.

Saboda haka, Shugaba, ga roƙona. Yara su ci abinci, wannan ba musu. Ina da gona a hanyar rafi, ta fi filin nan girma, ta sha taki shekara arba'in. Ƙarfina ya ƙare, kuma babu mai dawowa ya kama mini fartanya. Na ba makaranta ita, Dagaci da Liman su shaida. Ku kai mata taki, ku dasa gamba, ba zan zo in ce ku tashi ba. Ku nome tawa, ku bar wa yara filinsu. Abin da nake nema a madadi kaɗan ne: duk gidan da aka hura wuta, a aiko mini da toka ranar Talata.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya yaye mana wannan ƙunci. Allah Ya raya yaranmu cikin ƙoshin lafiya, Ya ji ƙan Muntaka da Hure da dukkan magabatanmu. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya, Ya sa ya tarar da mai amsa masa sallama.

Na gode.