Zancen Albasa da Dankali

A tashar Madawa, Cima ta kashe waya tana tsaki. Wani dattijo mai jiran motar Buza ya dube ta.

"Lahiya, ɗiyata?"

"Maigidana ne, Baba, soja a Diffa. In ya kira, ba shi da zance sai albasa da awaki."

"Na yi ma wani Bajamushe direba a Keita. Ya karanta mini wasiƙun iyayenai na lokacin yaƙin duniya, suna sabon aure. Shekara ukku uban na hwagen daga, zancensu dankali da yoyon ɗaki."

"Da ya dawo hwa?"

"Bai dawo ba. Uwar ta hardace wasiƙun duka."

Cima ta sake danna lambar maigidanta.

"Alo, kana ji na? Jar akuyar nan ta haihu, tagwaye."