Dattijon da Aka Tura Ƙasa

A layin shagon kayan keken ɗinki, wata tela tana ta dungurin wayarta, wani mutum na tsaye a bayanta.

"Baiwar Allah, fasa wayar za ki yi?"

"Shafin wani dattijo nake nema, mai koyar da gyaran keke. Da, ina tambayar intanet shi ke fara fitowa. Yanzu ya ɓace, ga kekena na tsinka zare, ga kayan mutane jibge."

"Ai injin binciken ne ya sauya yadda yake jera shafuka. Wasu suka hau, wasu suka faɗo, masu karanta su suka watse. Duba na farko yanzu. Nawa ne."

"Naka? Na karanta, Malam. Hotuna kam ba laifi, amma zaren bai fasa tsinkewa ba."

"Kin duba allurar? Wani lokaci a baibai take zama."

"Wannan ba ya cikin shafinka."

"A nasa yake. Dattijon nan, ko ƙarar keke kika kwatanta masa zai faɗa miki ciwonsa. Jiya ma ya amsa wa wata, kamar ba abin da ya faru."

"Jiya? To ta ina ka same shi?"

Mutumin ya sosa ƙeya.

"Ki yi ta gangarawa ƙasa, kada ki gaji. Ni ma can nake fara zuwa kafin in rubuta nawa."